Sojan Haya ko Ɗan Gida? Nasiha ga Samarin Ƙwallo na Yindiski

'Ya'yana, labarin gardamarku ya riga saƙonku isowa. An ce wani bawan Allah daga cikin masu tirelolin garin nan ya ba kulob ɗinku gudummawa saboda gasar da ke tafe, kuma tun ranar da kuɗin suka shigo hannu kanku ya rabu biyu. Wasu na cewa a ɗauko gogaggun 'yan wasa uku daga Gombe ko Azare ko Kano, a biya su, a ɗauki kofi bana kowa ya huta. Wasu na cewa a'a, a kashe kuɗin a kan yaran da ke zuwa tirenin kullum, ko da za a fitar da ku tun zagayen farko. Har an ce an ɗaga wa juna murya a gidan kallo. Ku sassauta. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma manyan da suka fi ku kuɗi da ilimin abin suna nan suna wannan gardamar har gobe.

Akwai ƙasar da ta mai da wannan lissafi sana'a, wato Ostireliya. Suna da irin tasu ƙwallon dabam da tamu: doguwa ce ba zagayayya ba, ana cafke ta da hannu ana dokawa da ƙafa, mutum 18 ne a kowane ɓangare. Babbar gasarsu ita ce AFL, mai ƙungiyoyi 18. Wasan kansa bai dame ni ba, tsarin da suke gina ƙungiya ne abin dubawa. A can ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi. Kowace shekara idan kaka ta ƙare, sai a tara sunayen samari 'yan shekara 18, ƙungiyoyi su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta zo ta ƙarshe a tebur ita ke fara zaɓa, zakara kuwa sai ƙarshen layi. Tun 1986 suke haka. To, lambar da ƙungiya ke da ita a wannan layi ita ce kuɗinta. In kana son gogaggen ɗan wasan wata ƙungiya, sai ka ba ta lambarka, ita ta je ta ɗauki yaro da ita. Daga 2015 ma aka yarda mutum ya sayar da lambarsa ta baɗi tun bana. Ga kuma iyaka da aka sa wa albashin da kowace ƙungiya za ta biya, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye duka. Saboda haka duk cinikin da za a yi, tambaya ɗaya ce a gabansu: wannan da muka san ƙafarsa yau, ko wancan da ba mu san abin da zai zama ba?

A 2001 ƙungiyar Hawthorn ta ba Fremantle 'yan wasanta biyu, Trent Croad da Luke McPharlin, ta karɓi lambobi uku: ta 1, ta 20 da ta 36. Magoya bayanta suka fusata, domin Croad matashi ne da suke ji da shi. Da lamba ta 1 aka ɗauki wani yaro mai suna Luke Hodge, da ta 36 aka ɗauki Sam Mitchell. Waɗannan biyu su ne suka zama ƙashin bayan ƙungiyar da ta ci kofi a 2008, ta kuma jera uku a 2013, 2014 da 2015. Mitchell ne kyaftin a kofin farko, Hodge ne kyaftin a sauran ukun. Masu son yara a cikinku za su ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ku ƙirga daga 2001 zuwa 2008, shekara bakwai ke nan ana jira, ana shan kashi ana shan zagi. Sannan yaron da aka ɗauka da lamba ta 20 bai taɓa buga wa babbar ƙungiyar wasa ko ɗaya ba. A cinikin da ake yi wa kirari ke nan fa, kashi ɗaya cikin uku ya tafi a banza.

Ga ɗaya fuskar. A 2020 Geelong ta kai wasan ƙarshe, Richmond ta doke ta. Makonni kaɗan bayan nan ta ba da lambobinta uku na zagayen farko ta karɓo mutum ɗaya, Jeremy Cameron, gwanin cin ƙwallo. Mutane suka ce tsofaffi sun sayar da gobensu. A 2022 Geelong ta ɗauki kofi, ta lallasa Sydney da tazarar maki 81, da tawagar da ba a taɓa fitar da wadda ta kai ta yawan shekaru ba a tarihin gasar kafin lokacin. Ita kuwa Richmond, wadda ta ci kofi a 2017, 2019 da 2020, ta gwada irin wannan a ƙarshen 2022: ta ba da manyan lambobinta ta kawo Tim Taranto da Jacob Hopper, kowanne da kwantiragin shekara bakwai. A 2024 ita ce ta ƙarshe a tebur, wasa biyu kacal ta ci duk kakar. Ba don waɗanda ta kawo ba su iya ba ne. Waɗanda aka kawo su su taimaka wa ne ƙarfinsu ya riga ya ƙare, shugabanni ba su lura ba, ko kuma sun lura zuciya ta ƙi yarda.

Abin da nake so ku ɗauka daga can ke nan. Ba a tambayar wanne ya fi tsakanin gogagge da yaro. Ana tambayar ina ƙungiyarmu take tsaye yau. Wanda yake bakin ƙofar kofi, gurbi ɗaya ya rage masa, in ya ƙi sayen mutumin da zai cike gurbin ya yi rowa ga kansa. Wanda kuwa ƙofar ma bai hango ta ba, in ya sayi gwanaye uku, ya sayi tafin yamma ɗaya ne kawai.

Ku 'ya'yan Potiskum ne, bai kamata a koya muku wannan daga bakin duniya ba, tunda duk ranar Laraba ana yin sa a kara. Ku tsaya gefen falken da ya zo cika tirela zuwa Legas ko Fatakwal. Ba ya ko kallon maruƙa. Bijimi yake nema wanda ya gama cika, ya shafa tozonsa, ya matsa gindin wutsiya ya ji kitse, ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa, 'yan lodi su hau aiki. Ya biya da tsada, amma ya san nan da kwana uku kuɗinsa sun dawo. Can gefe kuma ga mai kiwo, ya durƙusa yana buɗe bakin ɗan maraƙi yana duba haƙora, yana leƙa ido da hanci. Ya saya da araha, sai dai arahar ta ranar ciniki ce kawai. Akwai dusa, akwai harawa, akwai kanwa da allura, akwai rani mai tsawo, kuma cikin goman da ya saya wani zai kamu da ciwon huhu, wani ya ƙi girma ba dalili. Babu wawa a cikin su biyun. Wawa shi ne mai garken da ba shi da ko karsana, ya kwashe jarinsa ya sayi bijimi ɗaya don a gan shi da shi ranar Sallah.

Kada masu son yara su ɗauka na gama ba su gaskiya. Renon ɗan ƙwallo a garinmu ya fi na Ostireliya haɗari nesa ba kusa ba. Yaron da kuke gani kamar zai kai Turai, baɗi mahaifinsa zai ce ya isa haka, ya bi mota ya koyi tuƙi, ko a ba shi Keke Napep, ko a buɗe masa tebur a kasuwar hatsi, kuma mahaifin bai yi laifi ba. Wani gwiwa ce za ta tafi a filin da ke cike da tsakuwa, babu mai kai shi asibiti. Wani kuwa yabo ne zai kashe shi tun bai kai ko'ina ba. Ku dubi ƙasa baki ɗaya. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai ta. Amma Super Eagles ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a babban kofin duniya ba. Tsakanin yaro mai baiwa da cikakken ɗan wasa akwai tafiya mai nisa, kuma mafi yawa a hanya suke tsayawa. In za ku reni yara, ku reni da yawa, ku kuma shirya zuciyarku cewa kaɗan ne za su fito.

Tunda na ambaci duba haƙora, bari in faɗi wadda ba a son ji. Yaro sai ya zama yaro da gaske. In mai shekara 24 ya rubuta 17, ba abokan karawa kawai aka cuta ba, ku kanku kun ruɗi kanku, domin kuna jiran girman wanda ya riga ya gama girma. A 2016 an gwada ƙashin hannun 'yan Golden Eaglets, tawagarmu ta 'yan ƙasa da shekara 17, da na'urar asibiti kafin wasan neman gurbi da Jamhuriyar Nijar, mutum 26 suka faɗi gwajin. Aka tattara waɗanda suka rage aka buga, Nijar ta fitar da zakarun duniya. A unguwa kuwa ba ku buƙatar na'ura. Kun san wanda aka yi wa suna shekarar da aka yi wa wane.

Sai babban bambancin da ke tsakaninmu da su, wanda a ganina ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. A Ostireliya doka ce ke tsare wa ƙungiya yaron da ta zaɓa, babu mai ɗauke shi sai ya biya da lamba ko da ɗan wasa. A nan babu layi, babu mai tausaya wa na ƙarshe. Za ku reni yaro shekara biyar, ku saya masa takalmi, ku biya masa kuɗin mota zuwa Damaturu da Gashuwa, rana ɗaya wani mai jaka ya zo ya yi wa mahaifinsa alheri, ya tafi da shi. Ko sannu ba za a ce muku ba. Abin da zai tsare ku takarda ce. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka horar da shi ne tsakanin shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, daga 16 zuwa 23 kuwa rabin kashi ɗaya. Ku buga lissafin. In aka sayar da yaro Yuro miliyan ɗaya, dubu 50 na masu reno ne, kuma kulob ɗin da ya riƙe shi daga 12 zuwa 15 yana da dubu 10 a ciki. Ba sau ɗaya ba, duk lokacin da aka sake irin wannan cinikin. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris don bin sawun waɗannan kuɗaɗe. Amma ofishin ba ya jin rantsuwa, ba ya karɓar shaidar mai unguwa. Abin da aka shigar a rajista yake dubawa. In kulob ɗinku ba shi da rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, yaron kuma ba a shigar da sunansa a ƙarƙashinku ba, to a idon doka ba ku taɓa ganinsa ba.

Ku duba hanyar da Ahmed Musa ya bi. Daga makarantar ƙwallo ta GBS a Jos aka ba da aronsa ga JUTH, sannan Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a gasar kafin lokacin. Ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, amma sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010, domin doka ta hana ƙetara ƙasa da yaron da bai kai haka ba. Daga nan sai CSKA ta Rasha a 2012, sai Leicester ta Ingila a 2016 a kan sama da fam miliyan 16. Kowane mataki da takardarsa. Duk dillalin da ya ce muku zai fitar da ɗan shekara 15 zuwa Turai ta wata hanya, ku riƙe yaronku. A 2021 FIFA ta hukunta Spezia ta Italiya, ta hana ta sayen 'yan wasa, saboda shigo da ƙananan yara daga Najeriya ba bisa ƙa'ida ba. In ƙungiyar Turai ta sha hukunci, ku yi tunanin yaran da aka bari a tasha a ƙasar da ba su jin harshenta.

Akwai wani abin lura a gida. A 2019 Yobe Desert Stars tamu ta faɗo daga gasar firimiya. A wannan shekarar ce Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun ita ma ta faɗo. Mai ita, Kunle Soname, bai tsaya ga sayen suna ba. Ya gina fili da masauki, ya kafa makarantar yara mai suna Beyond Limits a gefen babbar ƙungiyar. Remo ta dawo a 2021, ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023, ta biyu a 2024, ta ɗauki kofi a 2025. Yaran makarantar kuma suka je Italiya a 2024 suka ci gasar Viareggio, wadda wata ƙungiyar Afirka ba ta taɓa ci ba. Na san za ku ce ai mai kuɗi ne. Gaskiya ne, kuma Remo ta sayi gogaggu ita ma, ba da yara zalla ta ci kofi ba. Amma ku lura da jerin: uku, biyu, biyu, ɗaya. Ba tsalle aka yi ba, hawa aka yi. Yawancin ƙungiyoyinmu na Arewa na gwamnatocin jihohi ne, kuma wanda aka ba riƙo na ɗan lokaci yana son sakamako kafin a sauya shi. Shi ya sa za ka ga an sallami rabin tawaga an kawo sababbi kowace kaka. Ku kuwa babu wanda zai sauke ku daga kujera. Haƙurin da ya gagari manya, ku kuna da halin yin sa.

Yanzu ga maganar sojan haya. Ba na ƙinsa don baƙo ne, garin nan da baƙi ya cika ya zama abin da ya zama. Abin da nake ji shi ne abin da zuwansa ke yi wa na gida. Akwai yaron da ke riga kowa zuwa fili bayan la'asar. Shi ke zuba toka ya ja layi, shi ke kai ƙwallo wurin mai ɗinkin takalma in ta fashe, shi ke ɗaure raga ya kwance. Ranar gasa, unguwa ta cika fili, ƙannensa sun hau katanga, sai koci ya zare riga mai lamba tara ya miƙa wa mutumin da ya sauka daga mota da hantsi, wanda ko sunansa na gaskiya ba a sani ba. Yaron nan ba zai ce komai ba. Zai zauna a benci ya yi tafi. Amma mako mai zuwa ba za ku gan shi a tirenin ba, kuma sauran yaran sun ga abin da aka yi masa. Shi kuwa baƙon yana tattalin ƙafarsa, domin jibi yana da wani wasan a wani gari da wata riga. In an ci ya karɓi kuɗinsa, in an faɗi ya karɓi kuɗinsa. In kuma abokan karawa suka shigar da ƙorafi aka gano ya buga wa wata ƙungiya a gasar, a ƙwace makin a bar ku da kunya.

Gogaggen da yake da amfani dabam ne. Shi ne wanda zai zauna tare da ku, ya zo tirenin, ya tsawata wa yaro in ya yi sakaci, ya nuna masa inda ake tsayawa kafin ƙwallo ta iso. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, ta jera 2012, 2013 da 2014, ta faɗo a 2022, ta dawo a 2023, kuma a shekarun daɗi da na wuya Rabi'u Ali Pele yana nan, har ya haura shekara 40 yana bugawa. Irin wannan mutum ba ƙwallon da yake ci kawai ake lissafawa ba. Yara goma sha ɗaya ba babba a tsakaninsu, da zarar an zura musu ɗaya sai kowa ya rikice. Kuma ba sai kun je Kano neman irinsa ba. A cikin garin nan akwai waɗanda suka taɓa bugawa a manyan ƙungiyoyi suka dawo gida, suna zaune ba mai tambayarsu.

To ga ra'ayina, tunda kun nema. Ku ɗauki takarda ku rubuta sha ɗayanku na farko, kowa da shekarunsa na gaskiya, ku kuma rubuta inda kuka tsaya a gasar bara ba tare da ɗora wa alƙalin wasa laifi ba. A yadda na ga wasanninku, yawancinku ba ku kai ashirin ba, gaba tana da gudu, baya ce ke yoyo, kuma ba ku kai bakin ƙofar kofi ba tukuna. Ku ba Geelong ba ce ta 2020. Saboda haka mutum uku na haya ɓarnar kuɗi ne. Ku nemi babba ɗaya, mai tsaron baya ko gola, wanda zai yarda ya zauna da ku kaka biyu aƙalla, ku yi magana da shi a gaban shaidu, a rubuta. Sauran kuɗin ku yi wa kulob rajista, ku sayi ƙwallaye da takalma da akwatin magani, ku ware na mota don yaran su riƙa fita suna karawa da waɗanda suka fi su. Ku je wurin wanda ya ba da gudummawar ku faɗa masa gaskiya cewa bana ba lallai a kawo kofi ba. Mutumin da ya san shekara nawa tirela ke yi kafin ta mai da kuɗinta zai fahimta.

Kuma kada ku karɓi yaro sai da yardar iyayensa, kada tirenin ya ci lokacin makaranta ko na Islamiyya, a tashi kafin magariba. Tunda mun yarda cewa kaɗan ne za su ci abinci da ƙwallo, sauran suna da haƙƙi a kanku kada su tashi ba ƙwallo ba karatu.

Cikin makon nan ku sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi. Kowane yaro da shafinsa: suna, ranar haihuwa, hoto, ranar da ya shigo, da sa hannun mahaifi ko waliyyi. In kun cike, biyu daga cikinku su shirya zuwa Damaturu wurin hukumar ƙwallo ta jiha. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku.